Wanzami da jarfa: ko ya dace mai majigi ya fito cikin majiginsa?

Filin na wannan mako zai taɓo wata gardama da ke tashi lokaci lokaci tsakanin masu wata sana'a ta zamani a manyan biranen Turai da Amurka, wadda kuma, in aka duba da kyau, ta riga ta iso har kasuwannin ƙauye na gundumar Dakwaro ba tare da kowa ya raɗa mata suna ba. Gardamar ita ce: mutumin da aka ɗauka aiki domin ya haska hotuna bisa allo a wurin kiɗa da rawa, shin yana da hurumin sa tasa fuskar cikin hotunan? Wasu na cewa wannan son kai ne, da neman suna da kuɗin wani. Wasu na cewa ai fuskar tasa ce, bai ara ba, bai sata ba. Duk wanda ya taɓa aurar da ɗiya ya biya mai kamara, ko ya shirya bikin buɗe lakwal ko rijiya aka ɗauki hoto, maganar ta shafe shi.

Sana'ar da asalinta

A gidajen rawa na dare a birane irin su Paris, Landan da Niyok, mutum biyu ne ke riƙe da taro. Ɗaya shi ne mai sa kiɗa, wanda ake kira DJ, sunan da samarin Maraɗi da Damagaram suka sani sarai. Na biyu shi ne mai hoto, wanda ake kira VJ. Yana zaune gefe cikin duhu, da kwamfuta da wata ƴar na'ura mai maɓallai. Ya tara gajerun hotunan bidiyo, kowane bai wuce daƙiƙa kaɗan ba, yana juya su suna maimaita kansu, yana ɗora wani bisa wani, yana sauya launi da sauri daidai da bugun kiɗa, ana haska su a bango ko bisa babban allo bayan mai kiɗa. Nan take ake haɗa hoton, kamar yadda makaɗin kalangu ke bin ƙafar mai rawa. Wani sa'i yana da kamara da ke ɗaukar jama'ar wurin, sai ya gauraya fuskokinsu cikin hotunan, mutum yana rawa yana ganin kansa a bango.

Sana'ar tana da tarihi. Tun shekara ta 1966 mai zane Andy Warhol ya riƙa shirya wasa a birnin Niyok inda ake haska finafinansa bisa jikin makaɗa suna cikin kiɗa. A shekara ta 1980 wata mata mai suna Merrill Aldighieri ta riƙa haɗa hotunan bidiyo kai tsaye a wani gidan rawa da ake kira Hurrah, a birnin dai, kuma da yawa na ɗaukar ta a matsayin VJ ta farko. Ranar 1 ga watan Agusta na shekara ta 1981 tashar telebijin ta MTV ta buɗe, ta ɗauki sunan nan ta laƙaba wa masu gabatar da waƙoƙinta. Tun daga nan suna ɗaya ya rabu gida biyu: akwai VJ na telebijin, wanda fuskarsa ce jarinsa, akwai na gidan rawa, wanda jama'a kan kwana kallon aikinsa su watse ba su san kamanninsa ba.

Dalilai uku ke sa wannan na biyu ya juya kamara ya ɗauki kansa. Na farko doka: in ya yanko hoto daga fim ɗin wani ya haska a wurin da ake biyan kuɗin shiga, ya taɓa haƙƙin mai fim, alhali kuwa hannunsa da idonsa da inuwarsa ba mai kai shi ƙara a kansu. Na biyu talauci: ɗaukar ƴan wasa ko ƴan rawa yana cin kuɗi, shi kuwa koyaushe yana nan, ba ya makara, ba ya neman lada. Na uku neman shaida: sunan mai kiɗa ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe bisa takardar talla, na mai hoto in an sa shi ma sai can ƙasa. Sai ya ga ba shi da wata hanya ta cewa aikin nasa ne, in ba ya leƙo cikinsa ba.

Zargin son kai

Masu suka ba su rasa hujja ba, kuma hujjarsu ta girmi gidajen rawan. Tun daga tsakiyar shekarun 1960, lokacin da kamfanin Sony ya soma sayar da na'urar bidiyo da mutum ɗaya zai iya aiki da ita, masu fasaha da dama abin da suka soma ɗauka shi ne kansu. A shekara ta 1971 wani Ba'amurke mai suna Vito Acconci ya yi bidiyo na kimanin minti 20, wanda ba kome cikinsa sai shi kansa yana nuna tsakiyar allo da yatsa har hannunsa ya gaji. A shekara ta 1976 wata malama mai nazarin fasaha, Rosalind Krauss, ta rubuta maƙala a fitowar farko ta mujallar October, inda ta kawo wannan misali, ta ce tushen fasahar bidiyo son kallon kai ne. Ta jingina maganarta da tatsuniyar Girkawa ta wani saurayi, Narsis, wanda ya ga fuskarsa cikin ruwa ya kasa ɗauke ido har ya halaka. A ganinta kamara da allo sun zama madubi, mutum ya shige tsakaninsu ya rufe ƙofa, duniya na waje.

Bahaushe ya taƙaita wannan zargi da kalma uku: yabon kai jahilci. Kuma akwai gaskiya ciki. Jama'ar da suka biya kuɗi sun zo ne domin kiɗa da junansu. Mai hoton da ya cika bango da fuskarsa dare guda ya yi kama da sanƙiran da aka ɗauko ya yi shelar ango, ya ɓuge da kirarin kansa.

Amma kafin a yanke hukunci ya kamata a duba gida, domin ƙasar Nijar tana da nata misali, wanda ya riga maƙalar malamar nan fitowa.

Umaru Ganda da Samuel Fosso

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekara ta 1935. Yana matashi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin. Da ya dawo bai samu aiki ba, ya tafi Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa. Can ya gamu da Jan Rush, Bafaranshen nan mai fim, wanda ya sa shi babban ɗan wasa cikin fim ɗinsa Moi, un noir na shekara ta 1958. A wannan fim fuskar Ganda ce da muryarsa, amma kamara tana hannun wani, sunan da ke bisa fim ɗin ma na wani ne. Bayan shekara goma Ganda ya karɓi ragama ya shirya nasa, Cabascabo, ya kuma fito cikinsa da kansa a matsayin tsohon sojan da ya dawo daga Indoshin da kuɗi, abokai da mata suka taya shi cinyewa, suka watse suka bar shi, daga ƙarshe ya nufi karkara neman abin yi da hannunsa. An nuna fim ɗin a bikin Kan na ƙasar Faransa a shekara ta 1969, ya kuma samu lambar yabo a Mosko. A shekara ta 1972 wani fim nasa, Le Wazzou polygame, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, karo na farko da aka ba da ita. Ya rasu ranar 1 ga watan Janairu na 1981, kuma babban gidan raya al'adu na Yamai yana ɗauke da sunansa.

Ba wanda ya kalli Cabascabo ya ce Ganda yabon kansa yake. Abin da ya nuna abin kunya ne: wauta, almubazzaranci, tsiya bayan wadata. Da ya ɗauko wani tsohon soja ya sa shi gaban kamara, da ya tona asirin wani. Sai ya ba da tasa fuskar ta ɗauki nauyin labarin.

Misali na biyu daga Afirka ta Tsakiya yake. Samuel Fosso, haifaffen Kamaru a shekara ta 1962, ya tsira daga yaƙin Biyafara yana yaro, ya buɗe shagon ɗaukar hoto a birnin Bangi a shekara ta 1975 yana ɗan shekara 13. Da rana yana ɗaukar masu biya. Da dare, in ƴan gurabe sun rage a jikin fim, sai ya sa tufafi ya ɗauki kansa domin kada su tafi banza, yana aika wa kakarsa a Najeriya ta ga yana nan lafiya. Duniya ba ta san hotunan ba sai a shekara ta 1994, a taron masu hoto na farko da aka yi a Bamako. A shekara ta 2008 ya yi jerin hotuna inda ya shiga kamannin Lumumba, Nkuruma, Mandela da wasu manyan baƙar fata. A lura da tsarinsa tun yana yaro: mai biya tukuna, shi kuma da ragowa.

Kirari da ka'idarsa

Al'adar Hausa ba ta taɓa hana mai fasaha ambaton kansa ba. Marubucin waƙa yakan rufe waƙarsa da sunansa da na mahaifinsa ko garinsa, ya roƙi gafara, domin in an samu kuskure a san wanda za a tuhuma. Mai kwafar littafi da hannu yakan yi haka a shafin ƙarshe. Ɗan kokowa yakan shiga fili ya yi kirari kafin ya kama abokin karawa, tun zamanin Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a shekara ta 1975, har kawo yau. Mamman Shata yana da Bakandamiya, waƙar da ya keɓe domin wasa kansa, haka ma Narambaɗa yana da tasa.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ka'ida. Marubuci a ƙarshe yake sa suna, bayan ya gama abin da ya kawo shi. Ɗan kokowa da ya yi kirari, nan take za a gani ko zai tsaya ko zai sha ƙasa, wato kirarinsa bashi ne da zai biya gaban jama'a. Makaɗin fada kuwa ya san waƙar sarki daban, tasa daban, ba ya tsayawa gaban sarki ranar salla ya mai da rabin waƙar sarki tasa. Ashe Bahaushe ya daɗe da rarrabe ambaton kai iri biyu: wanda ke ɗora wa mutum nauyi, da wanda ke ƙwace wa wani wuri. Da wannan ma'auni ya kamata a auna mai majigin zamani.

Daga majigi zuwa salula

Rumbu ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin gundumar Dakwaro, jihar Maraɗi, wajen kwarin Tarka, inda gonakin hatsi ke ƙarewa, filin kiwo ke somawa. Garin Sakabal, mai kasuwar dabbobi, yana cikinta, kuma nan manoma Hausawa ke haɗuwa da makiyaya Fulani da Abzinawa. Ba gidan rawa na dare a irin wannan wuri, ba kuma mai neman a gina. Ko a birnin Maraɗi ma, wanda ya ga tarzomar watan Nuwamba na shekara ta 2000, lokacin da masu adawa da bikin nunin tufafi na FIMA suka ƙona mashaya da wasu gidaje, ya san matsayin irin waɗannan wurare a idon jama'a. Amma allo da kiɗa da taron mutane, waɗannan uku sun daɗe da shiga karkara.

Da fari majigi ne, motar hukuma ta zo ta kafa farin ƙyalle a dandali. Nijar ta soma telebijin ta lakwal a shekara ta 1964, Tele Sahel ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970, kuma a zamanin Seyni Kunce an rarraba akwatunan kallo masu aiki da hasken rana a garuruwa da dama domin jama'a su taru su kalla. Bayan nan kaset ya zo. A shekara ta 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo, kuma cikin ƴan shekaru gidajen kallo suka bazu: zana ko katanga, akwati ɗaya, injin wuta, yaro a bakin ƙofa yana karɓar dala biyar ko dala goma. Yau salula ta gaje su duka. A kasuwannin ƙauye akwai rumfar mai cajin waya da allon hasken rana, sau da yawa kuma shi ne mai tura waƙoƙi da finafinai cikin ɗan katin ajiya. Da manhajoji irin su KineMaster da CapCut, saurayi na iya yanka hoto, ya ɗora waƙa, ya cire bangon bayansa ya dasa kansa gaban Ka'aba ko cikin jirgin sama ko kusa da wani tauraron Kano, duk a cikin waya. Abin da VJ na Landan ke yi da kwamfuta, ɗan wannan rumfa na yin irinsa da babban yatsa, kuma da dama cikinsu kan manna hotonsu da laƙabinsu da lambar wayarsu a jikin abin da suka tura.

Dalilinsu bai bambanta da na takwarorinsu na Turai ba. Abin da ya shiga katin ajiya yakan yi tafiya ba suna. Mdou Moctar, makaɗin garaya ta zamani daga jihar Tawa, ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a shekara ta 2008, waƙoƙinsa suka bi salula suka ƙetara har Mali, mutane na saurare da yawansu ba su san mai su ba. Sai da wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya yi cigiya kafin ya gano shi, ya sa waƙarsa cikin wani kundi a shekara ta 2011, daga baya suka yi fim a Agadas wanda ya fito a 2015, makaɗin da kansa ne babban ɗan wasa. Ba kowa ke samun mai cigiya ba. Shi ya sa kamfanonin Kano masu fassara finafinan Indiya, irin su Algaita, ke manna tambarinsu bisa allo, shi ya sa kuma masu fassara fim da baki a gidajen kallo na Yuganda, waɗanda su ma VJ ake kiran su, ke ambaton sunansu tsakiyar fim. Makiyayin Tarka ya fi kowa fahimtar wannan: raƙumin da ba shi da shaida a jiki, ranar da ya ɓata sai Allah.

Inda haɗarin yake

Duk da haka, mai neman abin tsoro a wannan sana'a kada ya tsaya ga fuskar mai kamara. Fuskokin sauran mutane ne abin dubawa. Masu magana sun ce wanzami ba ya son jarfa. Mai ɗaukar hoton da ke yawo cikin taron biki, yana kutsawa wajen mata, yana ɗaukar wadda ke rawa da wadda mayafinta ya zame da wadda ke cin abinci, ya haɗa da waƙa ya tura, shi kuwa ba a ga ko inuwarsa ba, wannan shi ne wanzamin da ke tsaga fuskar kowa ya ɓoye tasa. A birni mai mutum miliyan hoto na iya ɓacewa cikin yawa. A ƙauyen da kowa ya san kakan kowa, daƙiƙa goma na bidiyo sun isa su ɓata baiko, su jawo saki, su haɗa dangi biyu faɗa. Kuma abin da ya shiga WhatsApp ko TikTok ba ya dawowa, ko mai shi ya yi nadama.

Mutanen Dakwaro sun san yadda hoto ke tafiya ya bar mai shi. A yunwar shekara ta 2005, hotunan yara masu tamowa daga cibiyoyin jinya na jihar Maraɗi sun zagaya telebijin na duniya. Hotunan sun jawo agaji, wannan ba abin musu ba ne. Amma uwar da aka ɗauka riƙe da ɗanta a ranar da ta fi kowace muni a rayuwarta ba ta da ikon cewa ga inda hoton zai tsaya, ko shekara nawa za a yi ana nuna shi.

Wanda ya sa fuskarsa cikin aikinsa kuwa ya ba da adireshinsa. A shekara ta 2007 wata kotu a Kano ta ɗaure Adam A. Zango wata uku saboda kundin bidiyonsa mai suna Bahaushiya, wanda aka ce ya fita ba da izinin hukumar tace finafinai ta jihar ba, hukumar da aka kafa a 2001. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala ashirin ashirin da tara da sharar harabar kotu, saboda wani bidiyon barkwanci da suka yi kan gwamnan jihar na lokacin. Ko mutum ya yarda da waɗannan hukunce-hukunce ko bai yarda ba, darasi ɗaya ya fito: wanda ya fito a hotonsa shi ke amsa kira. A Nijar ma doka ta tanadi nata. Akwai dokar kare bayanan mutum ta shekara ta 2017, wadda aka sabunta a 2022, akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, aka sake tsaurara ta a watan Yuni na 2024 da maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi. Sai dai doka na aiki ne in an san wanda za a kama. Bidiyon da ba shi da uba, wa za a kai gaban alƙali?

Ɗan kasuwa zai gane wannan da misalin dillali. A kasuwar dabbobi baƙo ba ya sayen sa daga hannun baƙo sai da dillali tsakani, domin dillali sananne ne, gobe yana nan, in dabbar ta zama ta sata shi za a riƙe. Fuskarsa ita ce jinginarsa. Mai hoton da ya yarda a san shi ya shiga sahun dillalai. Wanda ya ƙi, ya shiga sahun masu sayar da akuya da dare.

Iyakar abin

Wannan ba ya nufin an sakar wa mai kamara linzami. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In alhaji ya biya kuɗi domin bikin ɗiyarsa, allon na amarya da ango ne da danginsu, tun daga buɗewa har rufewa. A manyan ɗakunan biki na Kano da Maraɗi, inda ake kafa allo ana nuna taro kai tsaye, hurumin mai aikin bai wuce sunansa da tambarinsa a fari ko a ƙarshe ba, ko wani ɗan ƙarami a kusurwa in mai biki ya yarda. Wasan da ya shirya da kansa, ko bidiyon da ya yi a wayarsa da lokacinsa, nan kuwa gonarsa ce, ya fito yadda ya ga dama, jama'a su yi masa hukunci da ƙafafunsu, su tsaya ko su tafi.

Saboda haka ga abin da ya kamata mai biki ya daidaita da mai kamara tun kafin a ba da kafin alƙalami. A faɗi wuraren da kamara za ta shiga da waɗanda ba za ta shiga ba, musamman ɓangaren mata, in da hali ma mace ta ɗauki mata. A faɗi ko hoton na gida ne kawai ko an yarda a sa shi a intanet domin talla. A faɗi wanda zai riƙe asalin hoton bayan an gama, da ko za a goge na cikin kwamfutar mai aiki. A faɗi inda sunansa zai fito. In ana iya rubutawa a rubuta, in ba a iya ba a kafa shaidu biyu, kamar kowane ciniki. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin hoto, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne, amma ba a ji malamin da ya halatta tona asirin Musulmi ba.

Ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji su ma akwai nasu kaso, domin cutar cika allo ba ta tsaya ga samari masu waya ba. Sau nawa ake kallon rahoton buɗe rijiya ko rumbun tsimi, a ga jawabin babban baƙo, a ga yankan ƙyalle, a ga tafi da motoci, a gama ba a ji muryar mace ɗaya daga cikin masu jan ruwan ba? Wanda ya ci rabin rahoto da fuskarsa, alhali kuɗin jama'a ne ko na masu ba da agaji suka biya kamarar, ba shi da bakin zargin yaron da ya manna hotonsa a kusurwar waƙa. Yaron aƙalla da wayarsa ya yi.

Amsar tambayar da aka soma da ita ke nan. Ya dace mai majigi ya fito cikin majiginsa in fitowar tasa sa hannu ce, ko kuwa ya ba da fuskarsa ne domin ya rufa wa ta wani asiri, kamar yadda Ganda ya yi. Bai dace ba in allon wani ya biya, ko in fitowar ta ture wanda aka taru dominsa. Tambaya biyu sun isa a yi wa kowane mai kamara, daga Niyok har Sakabal: wa ya biya wannan allo, kuma waɗanda ke cikinsa sun yarda? Allah ya rufa asirin kowa. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai rai.